Wata Huɗu Muka Makara

Inna tana da wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gadonta wadda ba a zuba abinci a ciki. Nan take ɓoye abin da ba ta so ya salwanta: katin zaɓe, takardun haihuwarmu, ƴan kunnenta na aure da ɗan ƙullin turare. A hutun ƙaramar Salla na 2023 na koma gida daga Damagaram, ina neman takardar haihuwata don wani aiki na jami'a, sai hannuna ya faɗa kan wata takarda mai ninki huɗu, duk ta yi ja. Da na warware ta sai na ga hatimin jandarma, da lambar mota, da sunan kamfanin asirans, wato abin da maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa inshora. A tsakiya kuma ga sunan yayana.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Ta hatsarin yayanka ce. Ai kai ka karanta mana ita lokacin."

Gaskiya ta faɗa, ni na karanta. Ina aji huɗu na kwaleji a lokacin, ni kaɗai ke jin Faransanci a gidanmu. Na karanta musu kamar yadda ake karatu gaban mushe, na ce takarda ce mai bayanin yadda aka yi hatsari, shi ke nan. Inna ta karɓa ta ninke. Ban san cewa tun ranar da aka rubuta a kanta akwai agogon da ya fara tafiya ba.

Yaya ɗan kabu-kabu ne. Ƙauyenmu yana ƙasar Dungas, kuma da kaka, in an sare riɗi an kakkaɓe, aiki ba ya yanke masa. A watan Disamba na 2017 ya kai wa wani buhun riɗi Magarya, daga nan ya samu fasinja zuwa Bande. Ya sauke shi, ya juyo da magariba, ga hazo ya rufe gari. A kan kwaltar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Magarya ta nufi iyaka, wata babbar mota ta bar hannunta ta kwashe shi. Haka jandarma suka rubuta. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti a Damagaram bai san inda kansa yake ba. Ƙafar da ta karye ta ɗoru. Kan ne bai koma daidai ba.

Wanda ya dawo mana gida yana da fuskar Yaya da muryar Yaya, amma ba ya riƙe magana daga hantsi zuwa azahar. Yakan tambayi babur ɗinsa sau goma a wuni. Wani lokaci ya gane ƴaƴansa, wani lokaci ya tambayi Inna yaran wa ke yi masa surutu. In ka ba shi jika ɗaya ka ce ya sayo sikari, sai ka tsince shi bakin tabki yana zaune, kuɗin a hannu. Mutumin da ke lissafin sefa da naira a ka, ya faɗa maka canji kafin ɗan canji ya taɓa wayarsa, yau ba ya iya ƙirga awakin gidanmu.

Mako biyu bayan an sallamo shi, mai motar ya aiko wakilinsa tare da wani dattijo. Suka kawo goro da jika ɗari, suka yi jaje. Baba ya karɓa, ya ce ƙaddara ta riga fata, Allah ya kiyaye gaba. Ba wanda ya ambaci asirans, mu kuma ba mu tambaya ba. Jika ɗarin ko kuɗin magani na wata biyu ba su kai ba. Aka sayar da bijimin huɗa, aka jinginar da garkar rake. An sha rubutu, an yi turare, an kai shi wurin masu ruƙiya har cikin Najeriya. A shekara ta uku dangin matarsa suka zo suka ce a sawwaƙe mata, kuma ba mu ga laifinsu ba. Ta tafi, yaran biyu suka zauna wurin Inna.

Daren da na ga takardar na ɗauki hotonta na tura wa wani abokina da muka yi lise tare, wanda ke karatun shari'a a jami'ar Tawa. Ban yi zaton komai ba, so nake dai in ji. Minti kaɗan ya kira ni.

Ya ce, "Wace rana aka yi hatsarin?"

Na faɗa masa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai, aboki. Wata huɗu kuka makara."

Ga abin da ya bayyana mini, wanda daga baya na nemi littafin na karanta da idona. Nijar tana cikin ƙasashe 14 na Afirka da suka haɗu kan dokar asirans guda ɗaya, wadda ake kira dokar CIMA. An sa hannu kan yarjejeniyar a birnin Yawunde ran 10 ga Yuli 1992, dokar ta fara aiki a 1995. Ita ta tilasta wa duk mai abin hawa ya yanki asirans saboda mutanen da zai iya ji wa rauni. In an yi hatsari, jandarma ko ƴan sanda su aika wa kamfani takardar bincikensu cikin wata 3. A lokacin hatsarin, aya ta 231 ta ce kamfani ya gabatar wa wanda ya ji rauni tayin diyya cikin wata 12. Diyyar ta haɗa da kuɗin magani, da kwanakin da mutum ya yi ba aiki, da naƙasar da ta zauna masa, da wahalar da ya sha, har da ladan mai jinya in naƙasar ta kai kashi 80 cikin ɗari. Na karanta wannan wurin sau uku, ina tuna Inna da take wanke wa ƙato ɗan shekara talatin tufafi tana ba shi abinci a baki ranar da abin ya motsa.

Sai aya ta 256. Ita ce ta ce duk ƙarar neman diyya irin wannan tana mutuwa bayan shekara 5 daga ranar hatsari. Disamba 2017 zuwa Disamba 2022. Ni kuma na buɗe kwallar Inna a watan Afrilu 2023.

Ban yi barci ba. Da farko haushin dokar na ji. Yaya za a ce haƙƙin mutum yana ruɓewa kamar tumatir? Wanda ya ji ciwo bai warke ba, wanda ya ji masa yana nan yana harkokinsa, amma a ce lokaci ya wuce? Da na huce na gane cewa masu dokar ba don mugunta suka sa wa'adi ba. Shaidu suna mutuwa, masu rai suna mantuwa, takardu suna ɓacewa, kuma ba a so mutum ya kwana shekara talatin da tsoron sammaci. Kusan ko'ina haka ne, tsawon wa'adin ne ya bambanta. A Ingila, dokar 1980 ta ba wanda aka ji wa rauni shekara 3. A Faransa, tun gyaran 2008, shekara 10 ne, kuma ba daga ranar hatsari ake ƙirgawa ba, sai daga ranar da likita ya ce raunin ya tsaya inda zai tsaya. Duk na yarda. Amma wa'adi ai don mai iya tashi ya nemi haƙƙinsa ya ƙi aka yi shi. Yaya bai ƙi ba. Yaya bai ma san an yi hatsari ba.

Washegari abokina ya sake kira, muryarsa ta ɗan saki. Ya ce ya duba, doka ba ta manta da irin Yaya ba. Kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa, wanda asalinsa na 1804 ne, yana da aya ta 2252. Ma'anarta, wa'adi ba ya tafiya a kan yaron da bai balaga ba a idon doka, haka kuma a kan babban da alƙali ya yanke cewa ba ya cikin hankalinsa, ya ɗora masa waliyyi. Agogonsu tsayawa yake yi. Har dokar Ingila ɗin nan tana da irin wannan togiya.

Na ce, "To ai shi ke nan, Yaya yana ciki."

Ya ce, "Tsaya tukuna. Alƙali ya taɓa ganinsa?"

A nan gizo yake saƙa. Duk ƙauyenmu, daga mai gari har yaran da ke kiwo, kowa ya san halin da Yaya ke ciki. Amma doka ba ta zama a ƙauyenmu. A wurinta Yaya cikakken mutum ne mai hankali, wanda ya ga dama ya yi shiru shekara biyar, domin babu takardar da ta ce ba haka ba ne. Hanyar kuwa a buɗe take tun farko. Kowane ɗan uwa yana iya kai buƙatar gaban kotu, a ji ra'ayin dangi, alƙali ya yi wa mutumin tambayoyi da kansa, sannan a naɗa wanda zai tsaya masa. Da mun yi haka a 2018 ko 2019, da muna da hujja mai ƙarfi a hannu. Ita kanta dokar CIMA ta san da irin waɗannan mutane: aya ta 234 ta hana kamfani ya sasanta da yaro ko da wanda ke ƙarƙashin waliyyi sai da izinin iyayensa, in kuma ba sa raye, da izinin alƙali ko majalisar dangi, don kada a cuce su.

Abokina ya ce saura ƙofa ɗaya, ƙarama. Akwai tsohuwar ƙa'ida da masana shari'a suka gada tun daga Latin, mai cewa lokaci ba ya cin wanda ba shi da ikon motsawa. Faransa ta shigar da ita cikin kundinta a 2008. Lauya yana iya tsayawa a kanta ya ce mutumin nan tun ranar hatsari ba shi da halin kai ƙara. Sai dai wannan ba haƙƙi ne da ke zuwa da kansa ba. Sai an kawo shaidar likita, lauyan kamfani zai ja, alƙali ne zai auna. Kuma ko don a shigar da ƙarar, dole a fara naɗa wa Yaya waliyyi.

Na samu Baba bayan la'asar yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har na gama bai ɗago ba.

Ya ce, "Wato in ɗauki ɗana in kai shi Magarya gaban zuzu, in ce a rubuta mahaukaci ne."

Na ce, "Baba, ba haka za a rubuta ba."

Ya ce, "Ko me aka rubuta, haka za a faɗa a kasuwa. Ƙannenka mata biyu ba su yi aure ba. Ɗiyarsa tana tasowa. Ka taɓa jin an ce mahaukaci a gidan nan? Lalura gare shi. Ku ƴan lakwal komai sai kun sa a takarda."

Ban iya ba shi amsa ba, don na san abin da yake tsoro gaskiya ne. A wurinmu in za a nemi aure sai an bincika ko akwai taɓin hankali a dangi, kuma mai bincike ba ya tambaya ko gado ne ko mota ce. Shekara biyar muna cewa "ba ya jin daɗi", muna cewa "iska ce ta taɓa shi". Da wannan lafazi muka rufa masa asiri. Ashe da shi kuma muka rufe masa ƙofa. Kalmar da muka ƙi furtawa don muna ƙaunarsa, ita ce kaɗai kalmar da za ta tsayar masa da agogo.

Wanda ya warware mana shi ne limamin unguwarmu, abokin Baba tun suna yara. Na je masa da maganar ina ɗari-ɗari, ina zaton zai ce in bar shari'ar Nasara. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, wannan ai ba sabon abu ba ne. Ba ka san hauzi ba?" Ya ce a fiƙihun Malikiyya da suke karantawa a zaure, in mutum yana gari, yana gani wani bare yana noma gonarsa yana gini har shekara 10, bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, to in ya zo daga baya ba a sauraren ƙararsa. Amma ba a ƙirga wa yaro, ba a ƙirga wa wanda ba ya nan, ba a ƙirga wa wanda hankalinsa ya gushe. Ya ce mai barci da yaro da wanda ya rasa hankali ai ko alƙalamin mala'iku an ɗauke a kansu, balle na mutane.

Da dare ya zo gidanmu da kansa. Ina daga zaure ina jin su. Ya ce wa Baba, "Malam, yafewar da ka yi ran da aka kawo goro, naka ka yafe, Allah ya ba ka lada. Amma jinin ba naka ba ne, na yaron ne, kuma ga marayun ƙarfi da yaji guda biyu a ɗakin matarka. Waliyyi ba ya kyauta da dukiyar wanda yake riƙo. In ka mutu gobe, wa zai ci da su?" Baba bai ce komai ba. Da asuba bayan an sallame, ya tsaya bakin ɗakina ya ce, "Nawa ne kuɗin mota zuwa Damagaram?"

Mun fara da asibiti, don a nan ne shaidar take. Allah ya taimake mu, Inna ba ta yar da ko guntun takarda ba: takardar sallama ta 2017 tana cikin kwalla, da hoton kai, da takardun magani. Likitan ƙwaƙwalwa ya duba Yaya, ya tambaye shi wace shekara muke, ya ce shekarar da aka yi riɗi da yawa. Ya tambaye shi sunan ɗansa, ya juyo ya dube ni. Likitan ya rubuta abin da ya gani. Daga nan muka je ofishin hukumar ANAJJ, wadda gwamnati ta kafa a 2011 don taimaka wa marasa hali da shawara da lauya. Ni da nake Damagaram shekara biyu ina wucewa ta gaban kotu, ban taɓa sanin akwai ta ba. Tambayar farko da aka yi wa Baba ita ce ko ya dangwala yatsa a wata takarda ranar da aka kawo jika ɗarin. Ya ce a'a, goro kawai ya karɓa da kuɗi. Aka ce to madalla.

Ranar da aka shiga da Yaya gaban alƙali, Inna ta sa masa farar rigarsa ta Salla. Ya gaida alƙali da ladabi, har ya tambaye shi ko yana son a kai shi wani wuri, babur ɗinsa yana waje. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya sunkuyar da kai, na ga hawaye yana bin gemunsa, abin da ban gani ba ko ranar hatsarin. An naɗa Baba waliyyi. Ƙarar diyya kuma an shigar, tana nan ana ta ɗagawa. Lauyan bai yi mana alkawari ba. Ya ce da a cikin shekara biyar ɗin muka zo, da magana ce ta lissafi kawai, nawa za a biya. Yanzu kuwa sai mun fara roƙon a yarda a saurare mu.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Mai motar da ya san yana da asirans ya aiko da goro. Kamfanin da bai taɓa neman ƙauyenmu ba. Dokar da aka rubuta da harshen da mutum ɗaya ne ke ji a gida mai mutum goma sha huɗu. Kowannensu yana da rabonsa. Amma in na kai ƙarshen lissafi sai in tarar da kaina a ciki. Na ci jarrabawar kwaleji, na ci bak, na iya zana taswirar Turai da ka, amma takarda ɗaya da ta shafi gidanmu ta kwana shekara biyar ƙarƙashin gadon Inna ban koma kanta ba. Kowane hutu ina zuwa, ina zama kan gadon nan ina cin tuwo.

Shi ya sa na kawo wannan rubutu cikin ɗan littafinmu maimakon labarin soyayyar da na yi wa ƴan ƙungiya alkawari. Yawancinmu daga ƙauye muka fito, daga Waca, Dan Ciyawo, Guci, Malawa, Dogo-Dogo, Sasumburum. Kowannenmu ya san gidan da mota ko babur ya naƙasa wani, kuma a gidaje da yawa mu ne kaɗai masu karatun boko. In kun koma hutu, ku tambayi tsofaffi takardun da suka ɓoye. Ku dubi ranar da ke kai, ku ƙirga shekara 5. In an yi sabon hatsari, a tabbata jandarma sun rubuta, a karɓi lambar takardar da sunan kamfanin asirans, kada a yar da ko rasit ɗaya na magani, kada kuma kowa ya dangwala yatsa kan abin da ba a karanta masa ba. In raunin ya taɓa hankali, kada a jira ya warke tukuna. A kai shi likita ya rubuta, a je kotu a naɗa masa waliyyi tun da wuri. Neman waraka wurin malamai ba ya hana wannan, ana iya yin duka biyun.

Ƙanwata ɗaya ta yi aure bara. Dangin mijin sun yi bincikensu, sun ji komai, har da maganar kotu, kuma sun kawo kaya. Baba bai ce mini komai a kai ba, amma ranar ɗaurin aure shi ya riƙo hannun Yaya ya zaunar da shi a sahun gaba.

Takardar jandarma yanzu tana wurin lauya. Na yi mata kwafi uku a shagon da muke buga wannan ɗan littafi, na mayar wa Inna ɗaya cikin kwallarta. An sa mana rana bayan girbi. Yaya kuwa, duk lokacin da na je gida, yakan tare ni a ƙofa ya ce in na ga wanda ya ari babur ɗinsa in ce ya dawo da shi, kaka ta kusa.